Kukan Samari a Kan Shara da Guba: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi domin hakimai, da malaman da ke riƙe da littattafan ofisoshinsu. Ana so a karanta shi a tsanake, sa'an nan a karanta wa dagatai da masu unguwanni ranar da suka taru a ƙofar hakimi. A ƙarshe akwai tambayoyi bakwai, waɗanda za su nuna ko an fahimci abin da aka karanta.

1. WATA SABUWAR ƘARA

Hakimai da yawa sun lura a 'yan shekarun nan samari sukan zo ƙofar fada da wata irin ƙara wadda ba a saba ji ba. Da can ƙarar da aka sani ta iyakar gona ce, ko ta gado, ko ta aure, ko ta shanu sun yi ɓarna. Yanzu kuwa sai a ga 'yan makaranta, ko ƙungiyar samarin unguwa, sun zo sun faɗi sun yi gaisuwa, sun ce, "Ranka ya daɗe, kwata ta toshe," ko "hayaƙin bola ya hana mu barci," ko "ruwan rafinmu ya sāke launi." Wani lokaci ma ba su zuwa. Sai su ɗauki hoto da waya su watsa, hakimi ya ji labarin ƙasarsa a bakin baƙi.

Wasu dattawa sukan ɗauki wannan a kan fitsara, ko kwaikwayon Turai. Gaskiya ne a 2018 wata yarinya 'yar shekara 15 a ƙasar Suwidin, Greta Thunberg, ta fara zaman ƙin shiga aji saboda sauyin yanayi, yara a ƙasashe da yawa suka bi sawunta. Amma samarin Nijeriya sun riga ta da shekara talatin. A 1988 an shigo da dubban ganguna cike da sharar guba daga Italiya, aka jibge su a garin Koko, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya su ne suka ga labarin a jaridun can, suka rubuto gida. Da maganar ta fito fili, Gwamnati ta sa aka kwashe gangunan aka mayar, a cikin shekarar kuma aka kafa dokar hana shigo da shara mai guba, da hukumar tarayya ta farko mai kula da muhalli. Da an ce wa ɗaliban nan su yi shiru domin su yara ne, da gangunan sun ci gaba da yoyo a cikin gari.

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Haka ne. Amma yaro shi ke zuwa ɗiban ruwa, shi ke kai shara bola, shi ke kiwon awaki a bayan gari, shi ke wasa a cikin kwata. Abin da ke ƙasa shi ke fara taka shi. Don haka ya kamata a ji ta bakinsa.

2. JUJIN DA, DA JUJIN YAU

Idan aka yi maganar shara, dattijo yakan ce, "Mun girma da juji a ƙofar gida, ba abin da ya same mu." Maganarsa tana da gaskiya, sai dai jujin da ya sani dabam yake da na yau.

Sharar da, toka ce, da kashin dabbobi, da dusa, da ganye, da karan dawa, da fasasshen kasko. Ana ƙunshe ƙosai da ganye, ana zuwa cefane da kwando, ana sayen nono a ƙwarya. Duk abin da aka zubar, ruwa ɗaya ko biyu ya ishe shi ruɓewa. Juji kuwa dukiya ne. A kewayen birnin Kano manoma sun daɗe suna shigowa da jakuna da rani, suna loda takin juji a mangala suna kai wa gonakinsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin karkarar Kano kowace shekara ba hutu, ba su kuwa mutu ba. Gari yana cin amfanin gona, gona tana cin sharar gari.

Leda ta karya wannan tsari. Daga man fetur da iskar gas ake yin ta, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye kuwa ba su iya cin ta. Rana tana sa ta bushe ta farfashe ƙanana ƙanana, amma tana nan cikin ƙasa shekaru masu yawa. Tun daga shekarun 1990 da ruwan leda ya bazu, kowane mutum guda yakan yar da leda da dama a yini, ban da baƙar ledar cefane, wadda ake ba da ita kyauta ko a kan barkonon naira hamsin. 'Yan bola jari suna tsince ƙarfe da gorar roba domin suna da kuɗi. Leda ba ta da nauyi a sikeli, sai a bar ta.

Ga ɓarnar da take yi:

(a) A gona. Manomin da ya sayi takin juji yau sai ya zauna tsintar leda kafin ya watsa. Wadda ta rage tana tare saiwa, tana hana ruwa ratsa ƙasa.

(b) Ga dabbobi. Da rani, in ciyawa ta ƙare, saniya da akuya sukan ci leda saboda ɗanɗanon gishiri ko mai da ke jikinta. Leda ba ta narkewa a tumbi. Tana dunƙulewa, dabba ta riƙa ramewa ciki kuwa yana kumbura, har ta mutu. Duk hakimin da ke shakka ya kira sarkin fawa ya tambaye shi abin da mahauta ke fitarwa daga tumbin shanu.

(c) A magudana. Leda da yashi in sun haɗu sun zama madatsa. Ruwan sama ya rasa hanya, ya koma cikin gidaje, ya jiƙa gindin katangar ƙasa ta faɗi. Ruwan da ya kwanta kuwa gidan sauro ne.

(d) A iska. Mutane sun ga leda ba ta ruɓewa, sai suka koma cinna wa bola wuta. Hayaƙin leda da roba da taya guba ne ga huhu, ya fi kuwa cutar jarirai da tsofaffi da masu asma. Haka nan babbake kai da ƙafa da ganda da wutar taya, abin da ake yi a mahauta da dama: baƙin da ke maƙalewa a naman, cikin mutane yake ƙarewa.

Wasu ƙasashe sun hana ledar cefane da doka: Ruwanda a 2008, Kenya a 2017. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya san doka a takarda ba ta share gari. A Nijeriya, Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci mai kumfa a watan Janairu na 2024.

Abin lura shi ne, dattawa ba su yi kuskure ba da suka ajiye juji kusa da gida, domin a zamaninsu taki ne. Shara ce ta sāke, al'adar zubar da ita ba ta sāke ba. Wannan samari ke faɗi, ko da ba su iya tsara maganar yadda za ta yi wa manya daɗin ji ba.

3. RUWAN SHA DA RUWAN LAMBU

Ƙazantar ruwa iri biyu ce, ya kamata malamin hakimi ya iya rarrabe su, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Iri na farko ita ce ta bayan gida. In mutane suna zagayawa daji, ko bakin kududdufi, ko an haƙa masai kusa da rijiya, ruwan sama na farko zai wanke ƙazantar ya kai ta inda ake sha. Ta nan amai da gudawa, watau kwalara, ke shigowa gari. A 2021 mutum fiye da 100,000 aka ba da rahoton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu. Jihohin Bauci da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi tsananta, yara masu shekara 5 zuwa 14 kuwa su suka fi kamuwa. Ƙa'ida ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai kuma ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a rataye guga kada a ajiye shi ƙasa. Wannan abu ne mai yiwuwa: a 2022 an tabbatar da Jihar Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da aka daina bayan gida a fili a dukan ƙananan hukumominta 27. An kai ga haka ne ta bin gida gida da unguwa unguwa, wanda ba ya yiwuwa sai da hannun dagatai da masu unguwanni.

Iri na biyu ita ce ta sinadari. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, wadda 'ya'yan itace ce. Masana'antun fata na zamani da gishirin wani ƙarfe suke yi, mai suna kuromiyam. A Kano, ruwan da ke fitowa daga masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ta riga ta ɗauko dattin cikin birni, su tafi tare zuwa madatsar ruwa ta Wasai. Na Sharaɗa da na Challawa suna gangarawa kogin Challawa. A gefen waɗannan rafuka kuwa akwai masu lambu da ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da karas, waɗanda gobe da safe suna kasuwa.

A ƙauye ma akwai irin wannan. Mai feshi yakan wanke tankinsa a bakin rafi. Uwar gida takan ɗauraye robar maganin ƙwari ta zuba manja ko gishiri. Wasu masunta sukan zuba guba a gurbi domin kifi ya taso, su kashe manya da ƙanana, su sayar wa mutane. Masu ajiyar wake sukan yayyafa masa maganin feshi, har a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin da aka samu a cikinsa. Waken da Turai ta ƙi, mu muke cin irinsa.

A riƙe wannan da kyau: tafasa ruwa yana kashe ƙwayar kwalara, amma ba ya fitar da ƙarfe ko maganin feshi. Guba ta sinadari ba ta da magani sai a tare ta daga inda take fitowa.

4. ABIN DA YA FARU A ZAMFARA

Wannan sashe shi ne zuciyar darasin, a karanta shi sau biyu.

A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara akwai zinariya a cikin duwatsu. Da farashinta ya tashi a kasuwar duniya wajen 2009, mutanen ƙauyuka suka dukufa haƙa, domin abin da ake samu ya fi na noma nesa. Abin da ba su sani ba shi ne, dutsen da ke ɗauke da zinariyar cike yake da dalma. Maza suna haƙowa su kawo gida a buhuna. A tsakar gida ake farfasa shi, wani lokaci da turmin da ake dakan hatsi. A niƙa shi a irin injin da ake niƙan gari, a wanke, a shanya. Ƙurar ta sauka a daɓe, da tabarma, da kwanon abinci, da bakin rijiya.

Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa a guje ta. Babba yakan jure ta zuwa wani lokaci. Yaro ƙarami kuwa yana rarrafe a ƙasa, yana sa hannu a baki, hanjinsa kuma ya fi na babba tsotse ta. Daga jini take wucewa ƙwaƙwalwa. Sai a ga ciwon ciki, da amai, da kasala, sa'an nan jijjiga, sa'an nan mutuwa. Wanda ya tsira yakan tashi da makanta, ko shanyewar gaɓa, ko raunin fahimta wanda ba ya warkewa.

Yara suka yi ta mutuwa, ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne, ko sanƙarau, ko iska. Sai a watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka shiga yankin neman masu sanƙarau, suka ji labarin, suka ga maganin zazzaɓi ba ya aiki, suka aika da jini waje aka auna. Da aka bi gida gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, aka tarar cikin shekara guda ɗaya daga kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu. Jimlar yaran da aka ƙiyasta sun mutu a yankin ta kai 400, dubbai kuma suka kamu.

Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani in yaro zai koma ya zauna cikin ƙurar da ta sa masa ciwo. Tilas sai an share gari tukuna. Shara a nan ba ta tsintsiya ba ce. Ana kankare saman ƙasar kowane tsakar gida da kowace hanya, a kwashe a kai rami a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. An yi wa ƙauyuka bakwai haka a 2010 da 2011. Sarakuna da dagatan yankin suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje zuwa bayan gari.

Saura Bagega, wadda ta fi sauran girma. An yi alkawarin kuɗin share ta, kuɗi ba su fito ba, yara suna nan cikin ƙura. A 2012 wasu samari, cikinsu har da Hamzat Lawal, wanda bai kai shekara talatin ba a lokacin, suka kafa wani shiri mai suna Follow The Money, watau bin sawun kuɗi. Suka je Bagega suka gani da ido, suka ɗauko hotuna da bayanin iyaye, suka yi ta watsawa suna tambayar inda kuɗin suka tsaya. Muryarsu ta haɗu da ta likitoci da ta masu kare haƙƙin ɗan Adam. A watan Janairu na 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin, aka share Bagega a cikin shekarar, aka fara yi wa yaranta magani.

Abin baƙin ciki, a 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Darasin Zamfara bai kai can a kan lokaci ba.

Abu uku za a koya a nan. Na farko, gubar ta shiga gida ne ta hanyar neman abinci, ba da mugun nufi ba. Wanda ya ce a daina sana'a gaba ɗaya, mutane za su ɓoye masa gaskiya, wanda ya ce a gyara yadda ake yin ta, za a saurare shi. Na biyu, kowane mai unguwa ya san yawan jana'izar da aka yi a unguwarsa. Da akwai littafin da ake rubuta mutuwar yara, ana tara lissafin ƙauye ƙauye a ofishin hakimi kowane wata, da an ga abin tun da wuri. Na uku, samarin da suka ƙi yin shiru sun taimaka an ceci rayuka.

Kada wanda ba a haƙar zinariya a ƙasarsa ya ce wannan bai shafe shi ba. Akwai dalma a batirin mota, masu fasa shi suna narkar da ita a cikin unguwa. Akwai ta a wasu fenti. An auna wani kwallin dutse da ake sa wa jarirai aka same shi yawancinsa dalma ne. Masana kiwon lafiya sun tabbatar babu wani gwargwado na dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa.

5. WA KE DA ALHAKI

Ƙara takan mutu in an kai ta ƙofar da ba tata ba. Ga yadda aka raba aikin.

Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Gwamnati kiyaye ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa na Nijeriya. Jadawali na huɗu ya ba ƙaramar hukuma kwashe shara, da kula da bayan gida na jama'a, da kasuwa, da mahauta, da magudanun tituna. Duba-gari, watau jami'an tsabtar muhalli, a sashen lafiya na ƙaramar hukuma suke. Jihohi suna da ma'aikatun muhalli, wasu kuma da hukumomin kwashe shara, kamar REMASAB a Kano. Ruwan masana'antu da sinadarai masu guba suna ƙarƙashin hukumar tarayya ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha. Ma'adinai kuwa duk na Gwamnatin Tarayya ne.

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e, hakimi ba shi da baitulmali ko 'yan doka. Ba zai ci tara ba, ba zai rufe masana'anta ba. Amma yana da abin da waɗancan ofisoshi ba su da shi: ido a kowace unguwa, da baki wanda talakawa ke ji, da hanyar kai magana ga Sarki da majalisarsa.

6. AIKIN MALAMIN HAKIMI

Magana ta baki iska ce, abin da aka rubuta shi ke zama. Kowane malami ya ware littafi guda domin wannan aiki, ya ja layuka bakwai a kowane shafi:

1. Ranar da aka kawo ƙara.
2. Ƙauye da unguwa.
3. Wanda ya kawo, ko ƙungiyarsu.
4. Irin ɓarnar: shara, ko ruwa, ko hayaƙi, ko guba.
5. Abin da wakilin hakimi ya gani da idonsa.
6. Ofishin da aka rubuta wa, da ranar.
7. Amsar da aka samu, da abin da aka yi.

Layi na biyar shi ne mai wuya. Kada a rubuta, "Gari ya yi ƙazanta ƙwarai, muna roƙo a taimaka." Wannan takarda ba ta gaya wa kowa inda zai sa hannu ba. A rubuta kamar haka, a misali: "Kwatar da ta taso daga kasuwa zuwa makarantar firamare ta toshe, tsawon taku ɗari da hamsin. Ruwa ya shiga gida shida ranar Talata. Masai biyu suna cikin taku goma daga rijiyar unguwa." Wanda ya karanta wannan ya san ko tifa zai aiko ko duba-gari.

A raba abin da aka gani da abin da aka ji. Kada a sa sunan wani a matsayin mai laifi sai an tabbatar. A ajiye kwafin kowace takarda. In mako biyu ya wuce ba amsa, a sake rubutawa a ambaci ranar ta farko, a aika da kwafi ga majalisar masarauta.

Abubuwa huɗu ba a jiran takarda a kansu. A sanar da asibiti mafi kusa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, sa'an nan a rubuta daga baya: mutane da yawa suna amai da gudawa lokaci guda, yara suna jijjiga maganin zazzaɓi bai yi musu ba, kifi ko dabbobi suna mutuwa a mashaya ɗaya, an ga ganguna ko buhunan da ba a san mai su ba an jibge a daji.

7. AIKIN HAKIMI

Na ɗaya, ya saurara. Samarin da aka kora daga ƙofar fada ba za su daina magana ba, wani wuri za su kai ta. Waɗanda aka zaunar aka ji ta bakinsu sun zama 'yan aiken hakimi. In sun yi kuskure a lafazi a gyara musu, amma a aika a duba abin da suka faɗa.

Na biyu, ya mayar da kuka aiki. Aikin gayya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kafin ruwan farko, sarkin samari ko shugabannin ƙungiyoyi su fito da mutanensu a yashe magudanu. Sai dai a shirya da ƙaramar hukuma tukuna a san ranar da mota za ta zo, domin dattin da aka fitar aka bari a bakin kwata, ruwa ɗaya zai mayar da shi, samari kuma gwiwarsu ta yi sanyi. A nema musu shebur da baro da safar hannu da takalman roba. A jihohin da ake tsabtar gari ranar Asabar ta ƙarshen wata, fitowar hakimi da kansa ta fi shela goma.

Na uku, ya tara masu sana'a, kowa da abin da ya shafe shi. Sarkin fawa a kan wutar taya. Sarkin kasuwa a kan wurin zuba shara da rage ba da leda. Sarkin ruwa a kan guba a gurbi. Sarkin noma a kan robobin maganin feshi: a ɗauraye sau uku a zuba ruwan cikin tankin feshi, a huda robar kada ta koma ɗakin girki. Masu haƙar ma'adinai da masu fasa batir a ba su wuri nesa da gidaje da rijiyoyi, su yi wanka su sauya tufafi kafin su shiga gida, kada kuma yaro ya je wurin.

Na huɗu, ya koya wa gidaje raba shara biyu. Toka da kashin dabbobi da ɓawo gefe guda, wannan taki ne kamar yadda yake tun kaka da kakanni. Leda da roba da gwangwani da batir gefe guda, kada a ƙona, kada a kai gona.

Na biyar, ya tsare kududdufai da hanyoyin ruwa. Kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kai, ruwan da yake ɗauka zai nemi wani wuri, gidan maƙwabci ne kuwa zai samu. Kada dagaci ko mai unguwa ya sa hannu a takardar cinikin irin wannan fili.

Rigakafi ya fi magani. Ƙasar da hakimi ke riƙe da ita amana ce, waɗannan samari kuwa su za su sha ruwan rijiyoyinta bayan shekara arba'in. Allah ya taimaki sarakunanmu, ya ba hakimai ikon riƙe amana.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin jujin da da jujin yau? Kawo ɓarna huɗu da leda ke yi.
2. Su wa suka fara tona maganar gangunan Koko, a wace shekara?
3. Mita nawa ya kamata a bari tsakanin masai da rijiya? Wace irin guba ce tafasa ruwa ba ya fitarwa?
4. Ta wace hanya dalma ta shiga jikin yara a Anka da Bukkuyum? Me ya sa sai an share gari kafin a ba da magani?
5. Wane ofishi za ka rubuta wa a kan bolar kasuwa, wane kuma a kan ruwan masana'anta?
6. Faɗi abubuwa huɗu da ba a jiran takarda a kansu.
7. Zaɓi unguwa ɗaya a ƙasarku, ka je ka duba da idonka, ka cika layuka bakwai na littafin, ka kawo wa hakimi ya gani.